Jarumi Ɗaya, Fasinja Ɗari: Tsokaci a Kan Finafinan Fashin Jirgin Sama

Gabatarwa

Ranar Litinin, 25 ga Oktoba, 1993, wani jirgin sama na kamfanin Nigeria Airways, ƙirar Airbus A310, ya taso daga Legas ya nufo Abuja ɗauke da mutane kimanin 150. Tafiya ce ta kamar sa'a ɗaya. Masu tarbar baƙi a filin jirgin saman Abuja suka yi ta ɗaga kai sama har wuya ya gaji, jirgi bai sauka ba. Ashe wasu samari huɗu daga cikin fasinjojin sun ƙwace ikonsa tun yana sararin samaniya, sun juyar da akalarsa. Jirgin da aka sa ran gani a Abuja sai ga shi a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, inda ya kwana uku a ƙasa, rayukan bayin Allah na hannun yara huɗu da galan na fetur.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma kaset-kaset na finafinan Amurka suka cika shagunan haya da gidajen kallo, tun daga Fagge a Kano har Nyanya da Kubwa a nan gefen Abuja. Mu da muka yi ƙuruciyarmu a lokacin mun sha kallon jirgin da 'yan fashi suka kama, da mutum ɗaya tilo da ya tashi ya gama da su. Mun yi sowa, mun yi tafi, har yau kuwa in aka sa irin fim ɗin ba mu tashi sai ya ƙare. Abin da wannan maƙala ke son bincikawa shi ne: me muke so a cikin wannan labari, kuma wace irin tarbiyya yake yi mana a ɓoye? Za mu auna shi da abin da ya faru ga jirgin da ya nufo garinmu bai iso ba.

Zubin Labarin

Duk wanda ya kalli uku daga cikin waɗannan finafinai ya kalli sauran, domin zubinsu ɗaya ne. Jirgi ya tashi lafiya, an nuna mana uwa da jaririnta, da tsoho mai ciwon zuciya, da ma'aikaciyar jirgi mai fara'a. Sai miyagu su miƙe da makamai. Hukuma a ƙasa ta rikice, manya na ta gardama a ɗakin taro. Amma akwai mutum guda a cikin jirgin wanda miyagun ba su lissafa da shi ba. A fim ɗin Passenger 57 na 1992, Wesley Snipes ya fito a matsayin ƙwararre kan tsaron jiragen sama, wanda aka kashe matarsa a gabansa, kuma yana cikin makewayi lokacin da aka kama jirgin. A Air Force One na 1997, Harrison Ford shi ne shugaban ƙasar Amurka da kansa, tsohon soja, wanda aka ɗauka ya tsere, alhali ya laɓe a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin jirgi. A Non-Stop na 2014, Liam Neeson jami'in tsaro ne mashayi wanda kowa ke zargi. Daga nan sai tauraron ya riƙa ɗauke miyagun ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga babbansu, wanda 'yan kallo a ƙasar Hausa ke kira bos. Bos ya mutu, jirgi ya sauka, fasinjoji su yi tafi.

Abin da ke Jan Hankalinmu

Kuskure ne mu ce masu son wannan labari ba su da tunani. Ƙishirwar da yake kashewa tsohuwa ce, ta girmi jirgin sama da majigi. Bahaushe ya san ta tun daga rijiyar Kusugu. Mutanen Daura ba su ɗiban ruwa sai ranar Juma'a saboda macijiya, sai baƙo ɗaya ya zo da dare ya sare kanta. Mun san ta a Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da kirarin 'yan tauri, da waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Da finafinan Indiya suka shigo silimun Kano da Kaduna da Sakkwato, a kan wannan tsohon gurbi suka zauna.

Jirgin sama kuwa ya fi kowane dandali dacewa da irin wannan labari. Wanda ya shiga jirgi ya miƙa wuya ke nan. An karɓe masa kaya, an nuna masa kujera, an ce ya ɗaure ɗamara ya zauna. Ba ya ganin matuƙi, bai san hanya ba, babu tashar da zai ce a sauke shi. In abu ya ɓaci, babu ƙofar gudu, babu maƙwabcin da zai ji kururuwa. Wane ɗan Nijeriya ne bai san wannan hali ba, ko da bai taɓa taka matakalar jirgi ba? Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararraba da asuba don ya kama aiki a sakatariya, da ɗan fanshon da ya shekara yana bin fayil daga ofis zuwa ofis, da mazaunin ƙauyen da 'yan bindiga suka sa wa haraji, duk fasinjoji ne a jirgin da ba su ga matuƙinsa. In irin wannan mutum ya ga wani ya kwance ɗamara ya miƙe ya ce bai yarda ba, tilas zuciyarsa ta yi sanyi. Fim ɗin yana tuna masa cewa zalunci na da iyaka, kuma tsoro ba shi ne ƙarshen magana ba. Wannan gaskiya ce, ba kuwa ƙarama ba.

Inda Gizo ke Saƙar

Aibin farko shi ne yadda labarin ke ɗaukar sauran mutanen da ke cikin jirgi. Mutum ɗari biyu ne, amma aikinsu uku: kuka, da addu'a, da tafi a ƙarshe. Ba su da shawara, ba su da dabara, yawancinsu ko suna ba su da shi. Mutuwarsu ma ba tasu ba ce, an kawo ta ne don ta ƙara wa tauraro fushi. Air Force One ya fito da wannan a fili. Shugaban miyagun ya ɗora wa wata ma'aikaciyar fadar shugaban ƙasa bindiga, ya yi shela cewa in mai laɓewar bai fito ba zai harbe ta. Jarumi ya daure bai fito ba, aka harbe ta. Can gaba da aka ɗora wa 'yarsa ta cikinsa bindiga, nan take ya sallama, ya roƙi a saki fursunan da miyagun ke nema. Ƙa'idar da ta fi ran 'yar wani tsada, sai ga ta ba ta kai ran tasa 'yar ba. Fim ɗin bai tsaya ya tuhume shi ba, mu ma 'yan kallo ba mu tsaya ba, domin an riga an koya mana wane rai ne abin lissafi.

Aibi na biyu shi ne ƙaryar da ake yi game da sakamako. Harsashin tauraro ba ya kuskure, kuma cacar da ya yi da rayukan mutane kullum shi ke ci. A zahiri fa? A watan Nuwamba na 1985 'yan fashi uku suka kama wani jirgin EgyptAir da ya taso daga Atina ta ƙasar Girka zuwa Alƙahira. Akwai jami'in tsaro a cikinsa, kuma ya yi abin da jarumin fim ke yi: ya zaro bindiga ya harbe ɗaya daga cikinsu. A musayar wutar aka huda jikin jirgin, iskar ciki ta tsiyaye, dole matuƙi ya yi ƙasa da sauri don mutane su sami numfashi. Sauran 'yan fashin suka ci gaba da riƙe jirgi har tsibirin Malta. A can ne sojojin Masar suka fasa shi da nakiya suka afka, wuta ta tashi. Kusan mutum 60 suka rasu a wannan al'amari, mafi yawansu a lokacin ceton. Mai rubuta fim yana da ikon ya hana harsashi huda bango, amma ƙarfen jirgi ba ya karanta rubutunsa.

Aibi na uku ya shafe mu kai tsaye. Domin a halatta wa tauraro kisa ba tare da shari'a ba, sai an mai da abokin gabarsa dodo, wanda ba shi da uwa ba shi da dalili. Sau da yawa kuwa fuskar da ake ba dodon ta Balarabe ce ko Musulmi, kamar yadda aka yi a The Delta Force na 1986 da Executive Decision na 1996. Jack Shaheen, wani malamin jami'a a Amurka, ya bi finafinai fiye da 900 ya tattara irin wannan siffantawa a littafinsa Reel Bad Arabs na 2001. Abin mamaki, yaro ya idar da sallar isha'i ya shiga gidan kallo, ya yi ta sowa ana karkashe mutanen da aka sa wa sunaye irin nasa. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, in ji masu iya magana, sai dai wannan da ruwanmu a ciki.

Samarin Yamai

Aibi na huɗu ya fi sauran zurfi, shi ne kuma zai mai da mu ga jirgin Abuja. Samarin nan huɗu ba ɓarayi ba ne, ba kuɗi suka nema ba. A ranar 12 ga Yuni, 1993, an yi zaɓen shugaban ƙasa wanda kowa ya shaida Alhaji Moshood Abiola ne ke kan gaba, har a Kano, mahaifar abokin takararsa Alhaji Bashir Tofa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, sa'an nan a watan Agusta ta miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan. Samarin, waɗanda jagoransu Richard Ogunderu yake ɗan shekara 19, 'yan wata ƙungiya ce mai fafutukar dimokuraɗiyya wadda ake taƙaita sunanta da MAD. Suka nemi a kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus, man jirgi bai isa ba, aka sauka Yamai. A can suka ba da wa'adin sa'a 72: a rushe gwamnatin riƙon ƙwarya a ba Abiola mulkinsa, in ba haka ba su cinna wa jirgi wuta.

To, a nan mai kallon fim zai rikice. Wane ne jarumi, wane ne bos? Abin da samarin ke kuka da shi gaskiya ne, ƙasar ma ta amsa haka daga baya, tunda a 2018 aka mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. A idon kansu, Nijeriya ce jirgin da aka yi fashinsa, sojoji ne 'yan fashin, mutane miliyan ɗari sun ɗaure ɗamara sun yi shiru, su ne kaɗai suka miƙe. Ba muna cewa fim ne ya aike su ba. Abin da muke cewa shi ne, aƙidar da ta ɗauke su ita ce aƙidar tauraron fim: ni na hango abin da sauran ba su hango ba, hukuma ta gaza, lokaci ya ƙure, saboda haka ina da ikon yanke hukunci a kan rayukan waɗanda ke zaune ba tare da na tambaye su ba. Tauraro da ɗan fashi, in aka cire kiɗan da ake sa wa kowannensu, uwa ɗaya ta haife su. Dukansu biyu fasinja a wurinsu kayan aiki ne. Ga shi kuwa babu mamaki a cikin masu zaune a kujerun nan akwai waɗanda suka bi layi cikin rana suka zaɓi Abiolan. An ƙwace musu ƙuri'a a watan Yuni, an kuma ƙwace musu 'yancin jikinsu a watan Oktoba, wannan karon da sunan ƙwato musu ta farkon.

Yadda abin ya ƙare ma darasi ne. Babu wani fasinja da ya fito daga makewayi ya gama da su. Hukumomin Nijar, ƙasar da a shekarar ce ta zaɓi Mahamane Ousmane shugaba ta hanyar ƙuri'a, suka shiga lallashi da jan lokaci. Ta wannan hanya aka saki mata da yara, daga bisani mafi yawan fasinjoji. Aikin mutane ne da yawa waɗanda ba a san fuskokinsu ba: masu magana ta rediyo daga hasumiya, da tafintoci, da masu kai ruwa da abinci, da matuƙa da ma'aikatan jirgi da suka yi ta kwantar da hankalin kowa. Da wa'adi ya gabato, jami'an tsaron Nijar suka afka cikin dare suka kama samarin. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya rasa rai. Wanda ya fito neman halalinsa, bai soke zaɓe ba, bai riƙe mulkin kowa ba, shi ya biya. Samarin kuwa ƙuruciyarsu ta ƙare a gidan yari a Nijar, inda suka shafe fiye da shekara takwas. Da aka yi fim a kan labarin a 2024, mai suna Hijack '93, gardama ta sake tashi ko jarumai ne ko masu laifi. Ba safai aka ji mai tambayar ra'ayin waɗanda suka kwana uku suna shaƙar warin fetur ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Labarin jarumi ɗaya yana haifar da mutum iri biyu: ƙalilan masu ganin su ne shi, da ɗimbin masu zaman jiransa. Kwana 23 bayan kama jirgin, ranar 17 ga Nuwamba, 1993, gwamnatin riƙon ƙwarya ta faɗi, kamar yadda samarin suka nema. Janar Sani Abacha ne ya karɓa, kuma akwai 'yan rajin 12 ga Yuni da suka yi maraba da shi, suna zaton zai share fage ya miƙa wa mai shi. Har abokin takarar Abiola, Ambasada Babagana Kingibe, ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje. Sabuwar gwamnati ta rushe jam'iyyun nan biyu da majalisu da zaɓaɓɓun gwamnoni. Aka tsare Abiola a 1994, ya rasu a tsare a nan Abuja ranar 7 ga Yuli, 1998. An gudu ba a tsira ba. Al'ummar da ta saba jiran mutum ɗaya mai ƙarfi ya fito daga wani lungu ya cece ta, takan same shi, sai dai ba ta da ikon ce masa ya isa haka.

To, Wane ne Jarumi?

Kada a fahimce mu da cewa ƙarfin zuciyar mutum ɗaya ba shi da amfani. Yana da shi, amma akwai ma'auni. A ranar 5 ga Satumba, 1986, 'yan bindiga suka kama wani jirgin Pan Am a Karaci ta Pakistan. Shugabar ma'aikatan cikinsa, Neerja Bhanot, 'yar Indiya mai shekara 22, ta yi wa matuƙa ishara suka fice, jirgi ya kasa tashi. Ita da abokan aikinta suka ɓoye fasfo ɗin Amurkawa don kada a tsince su a kashe. Da aka buɗe wuta, ta tsaya tana fitar da mutane har harsashi ya same ta. Ba ta kashe kowa ba, kuma ran da ta sa a caca nata ne. A ranar 11 ga Satumba, 2001, fasinjojin jirgin United mai lamba 93 suka ji ta waya abin da aka yi da sauran jiragen, suka yi shawara a tsakaninsu, sa'an nan suka tasar wa 'yan fashin tare. Dukansu sun rasu a wani fili a jihar Pennsylvania, amma jirgin bai kai inda aka nufa da shi ba. An tambaye su, sun yarda, sun tashi.

Misali na uku a garin nan ya faru. A watan Nuwamba na 2009, Alhaji Umaru Mutallab, dattijo ɗan Funtuwa kuma tsohon shugaban hukumar gudanarwar First Bank, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja, ya kai rahoton cewa ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan. Shugaban ƙasar cikin fim ya sayar da ƙa'ida don ya ceci 'yarsa, wannan uba kuwa ya danne son ɗa da kunyar duniya don gudun kada a cuci 'ya'yan wasu. Duk da haka, ranar 25 ga Disamba yaron ya shiga jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da abin fashewa a jikinsa, sai da fasinjoji da ma'aikata suka taru suka danne shi. Shugaba Barack Obama da kansa ya amsa cewa tsarin tsaronsu ne ya gaza. Wato ko jarunta ta gaske, in ta faɗa inda sauran mutane ba su riƙe aikinsu ba, zubewa take yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu ma da suka ba mu labarin Kusugu ba su manta da wannan ba. Sun ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar, tsohuwa Ayana ce ta sauke shi ta ba shi guga ta kuma gaya masa halin rijiyar. Da gari ya waye, masu da'awar su suka yi kisan suka yi yawa, sai da aka ce kowa ya kawo kan macijiya. Ashe tatsuniyarmu ta san maƙeri, ta san mai masauki, ta kuma san cewa ana tuhumar jarumi ya kawo shaida. Waɗannan uku ne fim ɗin Amurka ya zubar, ya bar mana mai wuƙa shi kaɗai.

Kammalawa

Ba mu ce a daina kallo ba, mu ma ba za mu daina ba. Abin da muke roƙo, musamman ga ɗalibanmu masu rubuta ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo, shi ne su riƙa yi wa kowane tauraro tambayoyi uku: ran wa ya sa a caca, nasa ko na wasu? Ya tambayi waɗanda yake cewa zai ceta? In ya yi kuskure, wa zai tuhume shi? Wanda ya kasa amsa su, ko da kiɗan nasara ake raka shi, a sa masa ido. Sa'an nan akwai labarin da har yau ke jiran marubuci: na mutumin da ke kujera ta arba'in a jirgin nan na Legas zuwa Abuja, wanda ya raba ɗan ruwansa da maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, ya rarrashi yaron da ba nasa ba, ya kwana uku bai bar tsoro ya mai da shi dabba ba. Irinsa ne suka fi yawa a jirgin, irinsa ne kuma suka fi yawa a ƙasar. Ranar da adabinmu ya koyi ba shi suna da baki, ranar ce za mu fara rage zaman jiran wanda zai fito daga makewayi. Sarkin yawa, an ce, ya fi sarkin ƙarfi.